Wata 19 a Sashen Sanyi: Nazarin Lamarin Wata Kuku Mace

Asalin lamarin

Gidan abincin yana da kujeru 80, yana buɗewa dare shida a mako. Lokacin da matar ta kama aiki, masu girki 14 ne a kicin ɗin: maza 11, mata uku har da ita. Shekarunta 27. Ta yi shekara biyu a makarantar koyon girki, ta yi shekara huɗu a wasu gidajen abinci biyu, a ɗayansu ma wata 18 ta kwashe tana tsaye gaban murhun gasa nama. Duk wannan yana cikin takardar neman aikinta, kuma babban kuku ya gani, don har ya yi mata tambayoyi a kai ranar intabiyu.

Kicin ɗin yana bin tsarin da manyan gidajen abinci suka gada daga Auguste Escoffier, Bafaranshen da ya yi wa sojoji girki a yaƙin 1870 tsakanin Faransa da Prussia, daga baya ya riƙe kicin ɗin otal ɗin Savoy a Landan daga 1890. Tsari ne irin na barikin soja. Babban kuku ne a sama, sai mataimakansa, sai masu riƙe da sashe-sashe, sai yara masu koyo. Kalmar shef da ake kiran babban kuku da ita, a Faransanci shugaba take nufi. Oda ta fito daga sama, na ƙasa ya amsa da ƙarfi ya yi, babu gardama sai an tashi.

A takarda, duk sassan kicin darajarsu ɗaya. A aikace akwai na zafi guda uku, wato nama, kifi da miya, inda wuta take, inda kuma babban kuku yake sa ido duk dare. Akwai na sanyi, inda ake haɗa salak da abincin share fage, sai sashen kek da kayan zaƙi a can ƙurya. Ranar da ta fara, aka ce ta riƙe sashen sanyi na wata biyu, kafin ta gane kan gidan. Sauran matan biyu, ɗaya tana kayan zaƙi, ɗaya tana taimaka mata.

Wata na 1 zuwa na 6

Wata biyu suka cika, ba wanda ya ce komai. A wata na uku ta tuna wa babban kuku, ya ce ta bari cunkoson baƙi ya ragu. A wata na biyar ta sake tuni, ya ce gaban murhu ba wasa ba ne, zafin wurin sai mai ƙashi.

A wannan lokacin babu wani abu guda da za a ɗauka a ce ga laifi. Ƙananan abubuwa ne. Maza ana kiransu da sunayensu, ita kuwa "yarinyar salak". In ta ɗauko babbar tukunyar romo daga kan murhu don ta tace, sai wani ya taso da gudu ya karɓe yana cewa, "Kawo, ƙanwata, kar ki zuba a jikinki," alhali ta fi shi shekara uku a sana'ar. In ta ɗanɗana miya ta ce gishiri ya yi kaɗan, sai a yi shiru, minti biyu wani ya maimaita maganar a ce haka ne. Barkwancin batsa kuwa shi ne kiɗan aikin yamma, kuma wadda ba ta yi dariya ba a ce tana da girman kai.

Wata na 7 zuwa na 13: ƙara ƙwazo

Abin da ta fara gwadawa shi ne abin da kusan kowa zai ba ta shawara: ta yi aikin da ba wanda zai iya kushewa. Ta riƙa zuwa awa ɗaya da rabi kafin lokacinta. Ta sake jera firjinta, kowace roba da rubutun ranar da aka zuba, tana duba ma'aunin sanyi sau uku a rana kada ya wuce digiri biyar. Ta rage kayan lambun da ake zubarwa har manaja ya lura a lissafi. A wata shida, faranti uku kacal aka dawo da su daga sashenta.

A wata na 11 ta je wurin babban kuku karo na uku. Amsar da ta samu a wannan karon yabo ce: tun da aka buɗe gidan ba a taɓa samun wanda ya riƙe sashen sanyi kamarta ba, in aka ɗauke ta wa za a sa?

A wata na 13 gurbin ƙaramin mataimakin babban kuku ya buɗe. Ba a sanar ba, ba a ce mai so ya nema ba. Wata Litinin kawai aka tara ma'aikata aka ce an ba wane, wanda ya zo gidan wata biyar bayanta. Da ta tambayi dalili, aka ce mataimaki dole ya zama wanda ya riƙe nama ko kifi a wannan gidan, ita kuwa ba ta taɓa riƙewa ba. Wanda ya faɗa mata haka shi ne mutumin da yake rubuta jadawalin wa zai tsaya ina.

Wata na 14 da na 15: ƙorafi na farko

Wanda bai taɓa aiki a kicin ɗin gidan abinci ba sai an yi masa bayanin wani abu. Hanyar da ke tsakanin murhu da teburin yanka ba ta wuce faɗin mutum biyu in sun matsu, kuma kowa yana ɗauke da abin da zai iya ƙona ko yanka wani. Don haka duk mai wucewa sai ya ɗaga murya: "A bayanka!" ko "Zafi!" ko "Wuƙa!" Sau ɗaruruwa ake faɗin waɗannan kalmomi a dare ɗaya, har mutum ya daina sanin yana faɗa. Su ne suke hana mutum ya juya ya ci karo da kaskon mai.

Mai riƙe da sashen kifi ya mayar da matsatsin hanyar hujja. In zai wuce bayan namiji, murya ta isa. In zai wuce bayanta, sai ya ɗora hannu a ƙugunta. Ta ture hannun sau da dama, ta yi masa magana a gefe, ya ce ai hanya ce ba ta da faɗi. Ranar da ya bi ta cikin babban firjin da ake shiga ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya, ya ƙi matsawa sai da ta ɗaga murya, washegari ta kai ƙara wurin babban kuku.

Babban kuku bai ƙaryata ta ba. A taron kafin buɗewa, a gaban kowa, ya ce an kawo masa ƙorafi, daga yau kowa ya kama kansa, kar wanda ya sake kusantar wance. Nan maganar ta ƙare a wurinsa.

Hannun ya daina zuwa. Amma tare da shi murya ma ta ɗauke. Aka daina yi mata magana sai ta dole, kuma mutum huɗu ko biyar suka daina cewa "a bayanki" in za su wuce. A mako na uku bayan taron, ta juya da faranti biyu a hannu, ta haɗu da tiren da aka fito da shi daga obin. Ƙuna ta kama ta daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu, ta yi kwana biyar a gida. A littafin haɗurra aka rubuta cewa ba ta duba ba kafin ta juya.

Wata na 16 da na 17: matakin hukumar gidan

Labarin ƙunar ya kai ga manaja, daga nan ga mai gidan. Tun ƙarshen 2017, lokacin da yunƙurin #MeToo, na mata masu fallasa cin zarafin da aka yi musu, ya shiga kicin, wasu fitattun masu girki a Amurka suka sauka daga kan kamfanoninsu bayan mata ma'aikata sun fito sun yi magana, masu gidajen abinci suka shiga taitayinsu da irin wannan batu. Aka ɗauko mai ba da horo daga waje. Awa biyu aka yi wata Talata da safe, aka nuna hotuna a bango, kowa ya sa hannu a takarda cewa ya halarta. Mai riƙe da kifi ma ya sa. Jadawalin makon da ya biyo baya bai bambanta da na makon da ya wuce ba ko da layi ɗaya.

Cikin watan ne ranar mata ta duniya, 8 ga Maris, ta faɗo. Aka kira matan uku, aka ba su fararen riguna sababbi, aka tsayar da su a gaban murhun gasa nama aka ɗauki hoto don shafin gidan na Instagram. Shi ne karo na farko da ta tsaya a wurin a hukumance, kuma bai kai minti biyar ba.

A wata na 17 mai taimakon kayan zaƙi ta ajiye aiki tana da cikin wata shida. Hutun haihuwa ba shi ne matsalarta ba, an yi mata alkawarinsa. Abin da ya kore ta shi ne jadawali: ranar Lahadi da dare ake liƙa shi, aiki kuwa Talata, kuma yana iya canzawa da saƙon waya. Ta lissafa ta ga babu mai reno da zai yarda da aikin da ba a san ranarsa ko lokacin tashinsa ba. Ita ce ta tara da ta bar kicin ɗin cikin wata 12.

Wata na 17 zuwa na 19: ƙirga

A nan matar ta canza salo. Ta daina zuwa ofishin babban kuku. Kowace Lahadi ta ɗauki hoton jadawalin da wayarta, a gida ta kwafe a littafi. Mako 12 ta yi tana haka. Dare 72 ke nan, kowane dare da sashen zafi uku, gurbi 216. Mata sun tsaya a guda huɗu. Duka huɗun ita ce, kuma duka ranakun da wani ya kwanta rashin lafiya ne aka rasa yadda za a yi.

Ta kuma zauna da mai wanke-wanke mafi daɗewa a gidan, wanda ya ga shigar kowa da fitar kowa, suka jero ƙarin girma biyar da aka yi a shekara huɗu. Duk biyar ɗin daga nama ko kifi suka fito. Babu ko ɗaya da aka sanar da gurbinsa.

Shafi biyu ta rubuta, ta ba manaja ta ce a miƙa wa mai gidan. Ba ta ambaci kalmar wariya ba, ba ta kira sunan kowa ba. A shafi na biyu ta sa abin da ta san zai tsaya wa mai gidan a rai: mutum tara sun tafi a shekara, kowane sabo yana cin kusan mako shida kafin ya tsaya da ƙafarsa, kuma mutum biyu kaɗai ne a duk kicin ɗin za su iya riƙe sashen nama ranar Asabar. In ɗayansu ya yi fushi ya tafi, gidan ya shiga uku.

Mai gidan ya kira taro da manaja da babban kuku. Babban kuku ya ce shi ba ya duba mace ko namiji, hannu yake dubawa, kuma tun da ake sana'ar nan maza ne a gaban wuta. Maganar ba ta yi daidai da tarihin sana'ar tasa ba. A 1933 Eugénie Brazier ta samu tauraro uku na kundin Michelin, mai auna darajar gidajen abinci, a kowane ɗaya daga gidajen abincinta biyu, na birnin Lyon da na Col de la Luère, tauraro shida a hannun mace ɗaya, kuma Paul Bocuse, wanda ake yi wa kallon uban girkin Faransa na zamani, a ƙarƙashinta ya koyi aiki. Sai dai ba Brazier ce ta juya taron ba. Mai gidan ya ajiye shafin jadawalin a gaban babban kuku ya tambaye shi yadda ya auna hannun da ba ya barin ya taɓa murhu sai an rasa yadda za a yi.

Wata na 20: sabon tsari

Abu huɗu aka rubuta aka liƙa a bango. Kowane mai riƙe da sashe zai koma wani sashen duk mako goma, bisa jerin da aka tsara tun farko, ba bisa ganin damar kowa ba. Jadawali zai fito mako biyu kafin lokaci. Duk gurbin ƙarin girma za a sanar, a yi gwaji biyu: girkin da mutum uku za su ɗanɗana ba tare da sanin wanda ya dafa ba, da kuma jagorantar kicin na dare guda. Ƙorafi kuwa zai tafi wurin mai kula da lissafi da ma'aikata, wadda ba ta ƙarƙashin babban kuku, kuma dole a ba da amsa a rubuce cikin kwana bakwai.

Ɗanɗano a ɓoye ba sabon abu ba ne. Manyan ƙungiyoyin kiɗan okestira a Amurka tun shekarun 1970 suka fara sa labule tsakanin alƙalai da mai neman aiki, don kunne ya yi hukunci ba tare da ido ya sa baki ba.

Wata na 20 zuwa na 27: zagaye uku

Asabar ɗinta ta farko a sashen nama ba ta yi kyau ba. In ban da dare huɗun nan, shekara ɗaya da rabi rabonta da murhu, murhun gidan kuma ɓangaren hagunsa ya fi zafi, abin da kowa ya sani ba wanda ya gaya mata. Wajen ƙarfe tara oda 14 suka taru a gabanta, wasu teburan suka jira minti 40 a gidan da ƙa'idarsa minti 18 ce, aka dawo da faranti bakwai. Ranar Litinin babban kuku ya je wa mai gidan da takardun odar a hannu ya ce ga abin da ya faɗa.

Manaja ya fito da lissafin daren gaba ɗaya. Wanda aka ɗauke daga nama aka kai kayan zaƙi ya ɓata kwano biyu na kirim, ƙarfe goma an soke abu biyu daga jerin abinci. Wanda aka kai sashen sanyi kayansa sun ƙare tun takwas da rabi. Duk wanda aka motsa ya yi tuntuɓe, na mutum ɗaya kawai aka kawo ofis. Mai gidan ya ce sai an yi zagaye uku kafin a sake maganar.

A mako na huɗu ta sauko minti 18. A na bakwai ita ce ta fi kowa ƙarancin farantin da aka dawo da shi a sassan zafi. Daga nama ta koma kifi, daga kifi ta koma miya.

Hanyar ƙorafi ta samu gwajinta a wata na 24. Wata sabuwar mai kai abinci teburi ta rubuta ƙara a kan tsohon mai riƙe da kifi, abu iri ɗaya, a bakin firji ɗaya. Wannan karon ba a yi taro ba. An ji ta a keɓe, an ji shi a keɓe, an tambayi mutum biyu da ta ambata, an ɗauko ƙorafin wata na 14 wanda sai a lokacin aka sa shi a rubuce. A kwana na shida aka sallame shi, aka kuma gaya wa kicin cewa duk wanda ya juya wa mai ƙara baya a wurin aiki, laifinsa daban ne da hukuncinsa. Wannan sashen na ƙarshe yana cikin abin da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2019 ta fara aiki a 2021, ta nema daga ƙasashen da suka rattaba hannu: a kare mai ƙorafi da shaidunsa daga ramuwar gayya.

Jadawalin mako biyu shi ya fi ba da wahala. Wata uku na farko ana fitar da shi kan lokaci amma ana canza shi da waya kamar da. Bai zauna ba sai da aka ce duk canjin da za a yi ƙasa da awa 48 kafin aiki, sai wanda ya shafa ya amince.

Wata na 31 zuwa na 36: sakamako

A wata na 31 gurbin mataimaki ya sake buɗewa. Mutum uku suka nema. Gwajin ɗanɗano na farko ya lalace, don babban kuku yana kallon yadda aka jera abinci a faranti ya gane hannun kowa. Aka sake, aka sa mutum ɗaya ya zuba wa duka ukun. Ta zo ta ɗaya a ɗanɗano, ta biyu a jagorantar dare, jimilla ta ɗaya. Aka ba ta.

Wajen gyara takardar albashinta ne allura ta tono garma: tun ranar da aka ɗauke ta, albashinta ya gaza na maza biyu da aka ɗauka a mataki ɗaya da ita da kusan kashi ɗaya cikin takwas. An daidaita daga nan gaba. Na baya ba a biya ba.

A wata na 36 masu girki 15 ne a kicin, biyar mata, biyu daga cikinsu suna sassan zafi a zagayen da ake ciki. Mutum huɗu suka bar aiki a shekarar, maimakon tara. Mutum shida za su iya riƙe nama ranar Asabar. Babban kuku yana nan, kuma a karon farko cikin shekaru ya ɗauki hutun mako biyu a jere. Masu kawo kaya har yanzu sukan wuce ta su miƙa wa yaron da take koya wa aiki takardar sa hannu. Sababbin ma'aikata, in ta ba da oda, wasu sukan fara kallon namijin da ke kusa da ita kafin su amsa.

Hukunci

Ƙwazonta na shekarar farko bai gaza don ya yi kaɗan ba. Ya gaza ne don an zuba shi a sashen da ba a duba shi in za a yi ƙarin girma, kuma duk yadda ta ƙware, sai ta ƙara ba da dalilin a bar ta a can. Ƙorafinta na farko ya koma kanta saboda hannu ɗaya ne ya karɓi ƙarar, ya yanke hukunci, yake kuma raba aiki. Horon awa biyu ya yi magana a kan abin da ke zukatan mutane, alhali abin da ya tsare ta yana liƙe a bango kowace Lahadi.

Ina ganin babban kukun gaskiyarsa yake faɗa da ya ce ba ya duba jinsi. Bai taɓa zama ya ce zai hana mata ba. Kowane mako dai yana ɗaukar biro, ya sa a gaban wuta wanda ya yi kama da shi lokacin yana saurayi, bayan shekara ya duba ya ga su ne suka cancanta. Mujallar Time ta yi irin wannan a 2013, lokacin da ta zana bishiyar manyan masu girkin duniya da almajiransu babu mace ko ɗaya a rassan. Abin da ya yi aiki a wannan gidan shi ne an raba shi da biron a wurare uku: wa zai tsaya ina, wa zai hau, wa zai ji ƙara. Batun jadawali kuma ya taɓo abin da Claudia Goldin, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta daɗe tana nunawa, cewa babban kason giɓin albashi tsakanin maza da mata yana buɗewa ne bayan haihuwar farko, a ayyukan da suke fifita wanda za a iya kira kowane lokaci.

Akwai abin da bai kamata a wuce shi ba. Aikin ƙirgar da ya kamata hukumar gidan ta yi, ma'aikaciyar da aka cuta ce ta yi shi a lokacin hutunta, da tabon ƙuna a hannu. Mai gidan kuma lissafin masu barin aiki ne ya motsa shi, da kicin ɗin ba ya zubar da mutane da wuya takardarta ta wuce teburin manaja. Mai taimakon kayan zaƙi an kira ta bayan an gyara jadawali, ta ce ta riga ta kama wata sana'ar.

Tsarin ma bai wuce takarda huɗu a bango da ra'ayin mutum ɗaya ba. A ƙarshen wata na 36 babban kuku ya nemi a dakatar da zagayen na mako goma saboda cunkoson baƙi na ƙarshen shekara, kowa ya koma sashen da ya fi ƙwarewa a kai. A jerin da ya kawo, matan biyu da ke sassan zafi sun koma salak da kayan zaƙi. Sabuwar mataimakiyar ta rubuta ƙin amincewarta a ƙasan takardar, mai gidan ya ce zai ba da amsa ranar Litinin.